Gurbin da Darakta Ya Bari

Asabar, 5 ga Yuli, bayan la'asar

'Yata Fa'iza ce ta kawo mini littafin nan, wai in riƙa rubuta lokutan maganin babanta. Na rubuta na safe da na rana, sai na ga shafin ya yi saura.

Jiya muka dawo da shi daga asibiti. Likita ya ce gida ya fi masa, ni kuma ban tambayi dalili ba. Yaya Liman, babban wansa, ya sa aka share ɗakin marigayiya Inna, mahaifiyarsu, aka kwantar da shi a can, don ya fi kusa da zaure saboda masu dubiya. Tun safe ake ta sallama. Kowa ya ce ya mai jiki, in ce da sauƙi.

Duk Zariya Bahago suke ce masa. Ni kuwa tun ranar da aka ba shi shugabancin Cibiyar Al'adu nake tsokanarsa da Darakta, har sunan ya bi shi cikin gida. Ɗazu na ce, "Darakta, ga kunu." Ya dube ni. Mutumin da in ya soma magana sai abinci ya huce, yau kallo kawai.

Litinin, 7 ga Yuli, da hantsi

Suhail, mataimakinsa a ofis, ya zo da lemo da ayaba kamar mai jinyar yana iya taunawa. Yaron kirki ne, amma yau na so in kore shi. Bai gama gaisuwa ba ya shiga murza hula.

"Hajiya, maganar bikin sallamar nan ce. Ma'aikata ta riga ta sa ranar ashirin da shida, an raba katin gayyata."

Na ce, "To, a yi mana."

Ya ce, "Sabon kiɗan ne matsalar. Ba wanda ya san shi."

Ai na sani. Haka Darakta yake aikinsa tun da na san shi. Ba ya rubuta komai, ba ya koya wa mutum ɗaya kiɗa gaba ɗaya. Sai ya tara makaɗa ya ba su nasu, ya sallame su. Gobe ya kira masu sarewa ya ba su nasu. Jibi 'yan amshi. Kowa ya riƙe guntunsa bai san na ɗan'uwansa ba, sai ana saura mako guda ya haɗa su, ya tsaya a gaba da hannun hagun nan nasa yana nuna wa kowa inda zai shigo. Ya ce in mutum ya san abin da ke zuwa, sai ya daina saurare. Na sha gaya masa wannan ba dabara ba ce, rowa ce.

Wannan kiɗan kuwa shi ne na ƙarshe kafin ya yi ritaya. Ya ce mini duk sauran na gwamnati ne, na taro da zuwan baƙi, wannan ne nasa. Yanzu gunta-gunta yake a kawunan mutane, mai haɗawa kuma yana kwance a ɗakin Inna.

Suhail ya ce in ba hali za su sa tsohon faifai na kiɗansa. Na ce ya ba ni kwana biyu. Ban san me zan yi da kwana biyun ba.

Talata, 8 ga Yuli, da azahar

Ya sha kunu kaɗan. Da sauƙi.

Alhamis, 10 ga Yuli, da yamma

Gidan nan gidan malamai ne, duk unguwar Kusfa an sani. Ganga ba ta taɓa ƙetare zauren nan ba, kuma ba za ta ƙetare ba muddin Yaya Liman na numfashi. Darakta ya girma yana satar jiki zuwa Wusasa, yana laɓewa a bakin tagar majami'a don ya ji mahaifin abokinsa Malam Walter yana buga piyano. Ya sha bulala a kan haka. Da ya girma ya zama abin da ya zama, rediyo na kiran sunansa, yaran makaranta na rera waƙoƙinsa, a gidan nan dai "mai aikin gwamnati" ake ce masa. Ni ma da ya ɗauko ni daga cikin 'yan amshinsa, a ƙofar zaure na ajiye muryata, ban sake ɗauka ba.

To da yake ba ganga a gida, da yatsu yake tsara kiɗansa. A gwiwarsa, a faifai, a murfin kwano, a kafaɗata in na zauna kusa. Na sha buge masa hannu ina cewa ni ba kalangu ba ce.

Yau ina goge masa baki sai ya kama wuyan hannuna da hagunsa. Na zaci ruwa yake so. Sai na ji yatsun suna motsi. Babban yatsa tukuna, a hankali, sannan manuni, sannan ya kifa tafin gaba ɗaya. Ya daɗe yana yi. Da ya gama ya huta, ya sake somawa daga farko, daidai yadda ya yi ɗazu.

Ban buge hannun ba.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Malam Walter ya zo daga Wusasa da sandarsa, matarsa Ethel ta aiko da farfesu. Shi ne ke koya wa 'yan amshin Cibiya sauti tun kafin a haifi Fa'iza. Sun daɗe a zaure da Yaya Liman suna gaisawa, kowa na girmama kowa, kamar kullum, ba mai taɓo abin da ya haɗa su.

Da ya shigo ɗakin ya ce, "Bahago, kai da ka ce sai ka ga bayana, ka kwanta?" Sai ya shiga laluben aljihunsa yana neman hankici.

Na ce ya zauna ya kalli wani abu. Na miƙa wa Darakta hannuna. Malam Walter ya matso da tabarau har kusa, yana kallo, leɓensa na motsi.

"Tayyiba, kin san mene ne wannan?"

Na ce na yi zato.

"Babban yatsan nan makaɗa ne. Manuni, masu sarewa. In ya kifa tafi, mutanena ne, 'yan amshi, ga shi nan daidai inda na koya musu. Kiɗan ne fa gaba ɗaya yake ba ki."

Amma akwai wani wuri, can wajen ƙarshe, da yatsun suke tsayawa cak. Sai ya ɗauke hannun daga nawa ya ɗora a ƙirjinsa, ya jima, sannan ya dawo ya kifa tafi. Duk lokacin da ya yi, haka ne. Malam Walter ya ce ba a ba makaɗa komai a nan ba, ba a ba mutanensa ba.

"Nasa ne. Da bakinsa ya yi niyyar yi."

Darakta na kallon rufin ɗaki.

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

Yau raina a ɓace yake, kuma ba wanda ya yi mini komai.

Wasu manya daga ma'aikata sun zo, sun cika ɗakin da turare, sun ce mutum ne da ya sadaukar da rayuwarsa. Ni na san inda rayuwar ta tafi. Ta tafi a bin ofis-ofis don a gyara rufin zauren wasa da ke yoyo. Ta tafi a neman taya ga motar Cibiya, da raba faɗan makaɗa, da zaman taron da ba ya ƙarewa. Yakan dawo ya ce, "Tayyiba, yau ma na sa hannu a takarda har hannun ya manta aikinsa." In ce to ka ajiye mana. Ya ce in ya ajiye, wa zai hana a mayar da wurin ɗakin biki? Ya ce bari ya yi ritaya, zai zauna ya yi kiɗa kawai.

Sun tambayi jiki, na ce da sauƙi.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan azahar

Na sami Yaya Liman a zaure ya sallami ɗalibansa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, na ce ina neman alfarma. A bar mutanen Cibiya su zo tsakar gida sau ɗaya, su yi a gabansa, ya nuna musu da hannunsa.

Bai ɗago daga littafinsa ba. "Tayyiba, mutum yana wannan hali, abin da za a sa masa a kunne ke nan?"

Na ce, "Yaya, shi ne aikinsa."

"Na sani. Ban taɓa hana shi ba. Amma ba a gidan nan ba."

Na ce to ni zan je can. Sai ya ɗago. Ya ce da izinin wa? Na ce na mijina. Ya ce mijin nawa ya yi magana? Wallahi da wuƙa ya sa mini da ta fi sauƙi. Shi ma ya san abin da ya faɗa, don ya mayar da kansa ƙasa ya ce Allah Ya ba shi lafiya.

Na koma ɗaki na ce, "Darakta, in je?" Ya matse hannuna har sai da na ji zafi. Wannan ya ishe ni.

Juma'a, 18 ga Yuli, da yamma

Na je. Fa'iza ta zauna da shi.

Rabona da zauren wasan nan tun ina budurwa. Rufin dai yana yoyo, an jera bokitai. Na yi niyyar in gaya wa Malam Walter tsarin shi ya tsaya a gaba, amma da na buɗe baki sai na ga ban san komai ba. In aka tambaye ni bayan sarewa me ke zuwa, ba zan iya faɗa ba. Sai na rufe ido na buga a gwiwata sannan yake fitowa. A hannuna yake, ba a kaina ba.

Mika'ilu, sarkin makaɗansu, ya ce, "Hajiya, ki zauna nan inda muke ganinki, ki yi abinki. Mu mun saba kallon hannu."

Haka aka yi. Na zauna a kujerar roba da hijabina, ina ɗaga yatsu kamar mai ƙirgar kaji. Karon farko ya watse. Na biyu ma. A na uku masu sarewa suka shigo a kan kalangu daidai, 'yan amshi suka hau kansu, sai na ga Mika'ilu ya saki baki yana kiɗa. Ba wanda ya taɓa jin abin a haɗe sai lokacin. Ni kaina ban san haka yake da kyau ba. Shekara guda yana buga mini shi a kafaɗa ina ture shi.

Na yi kuka a Keke Napep har Ƙofar Kibo.

Lahadi, 20 ga Yuli, da safe

Ruwa tun asuba. Bai karɓi kunu ba.

Talata, 22 ga Yuli, bayan la'asar

Mun yi ja-in-ja da Suhail a kan gurbin nan. Ya ce manyan baƙi za su zaci kuskure aka yi, a sa mai sarewa ya cike wurin da wani abu mai daɗi. Na ce ba mai sa komai. Ya ce, "Hajiya, shirun ya yi tsawo fa." Na ce tsawon da mai shi ya ba shi ke nan. Malam Walter ya buga sandarsa a ƙasa ya ce a bar wa mutum wurinsa. Daga baya Suhail ya biyo ni waje yana ba da haƙuri. Na ce ba komai. Shi ma kujerar nan za ta cinye shi, na gani a fuskarsa.

Da na dawo na zauna a bakin gado na ce, "Darakta, mai rowa, me ka ɓoye a wurin nan? Ko kaɗan ka ɗanɗana mini." Ya yi ƙoƙari. Na ga wuyansa yana motsi, na ga gefen bakin yana rawa. Ba abin da ya fito sai iska. Hawaye ya gangaro ya shige kunnensa.

Ban kyauta ba da na tambaya.

Alhamis, 24 ga Yuli, da azahar

Likita ya zo. Bai ce mini komai ba, a zaure suka tsaya da Yaya Liman. Fa'iza ta shiga wanke kwanonin da ta riga ta wanke.

Yau hannun bai buga ba. Na ɗora shi a kan nawa, ya zauna kawai, da ɗumi.

Maƙwabciya ta leƙo, na ce da sauƙi.

Asabar, 26 ga Yuli, da hantsi

Yau ne. Numfashinsa ya canza tun jiya, yana ja yana tsayawa.

In na tafi, ban san abin da zan tarar ba. In na zauna, za a sa tsohon faifai, kowa ya koma gida da guntunsa, ba kuma mai sake haɗa su. Na tambaye shi, bai matse hannuna ba. Tsoro nake ji, ban taɓa jin irinsa ba.

Na ce wa Fa'iza in an fara zan kira wayarta, ta rage sauti ta kara masa a kunne, ta ja labule. Ta ce, "Umma, Baba Liman fa?" Na ce yana masallaci a lokacin.

Zan je.

Asabar, bayan magariba

An yi. Zauren ya cika har bakin ƙofa. An yi jawabai, an kira shi da sunaye masu nauyi, an miƙa wa Suhail allon yabo a madadinsa. Malam Walter ya riƙe wayata a cinyarsa, ni na zauna a kujerar robata. Ban ga kowa ba, hannuna kawai nake bi.

Da muka zo gurbin na ɗora hannu a ƙirji. Komai ya tsaya. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a bokiti. Wani ya soma tafi, aka hana shi. Na riƙe har iyakar yadda yake riƙewa, sannan na kifa tafi, 'yan amshi suka shigo.

Ban tsaya gaisawa ba. A gida na tarar Darakta yana nan, yana numfashi. Fa'iza na zaune a ƙofar ɗaki ido ya kumbura. Ta ce ana cikin farawa Baba Liman ya ɗaga labule, ashe bai fita ba. Ya miƙa hannu, ta ba shi wayar, ya ce ta je waje. Ta ɗauka zai kashe. Da ta leƙa ta taga sai ta gan shi zaune a bakin gado, carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya kara wa ƙaninsa wayar a kunne. Har aka gama bai motsa ba. Ta ce da ya fito bai dube ta ba, ya ajiye wayar a kan turmi ya wuce.



Litinin, 28 ga Yuli, da yamma

An kai shi bayan azahar. Yaya Liman ne ya yi masa salla.

Alhamis, 31 ga Yuli, da hantsi

Yanzu ya haƙuri ake cewa. Ɗazu wata ta gaishe ni, bakina ya ce da sauƙi.

Ethel ta zo ta wuni, ba ta dame ni da magana ba, ta tsefe wa Fa'iza kai. Ta ce Malam Walter bai iya zuwa ba, yana zaune gaban piyano bai buɗe shi ba.

Ina ta tunanin gurbin nan. Ya ba kowa nasa, ya tafi da nasa. Na ce mai rowa ne, ashe har ƙarshe.

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Jiya aka yi addu'ar bakwai, baƙi sun watse. Ina zaune a ɗaki sai na ji sallama daga bayan labule. Yaya Liman ne. Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa tsayawa a ƙofata ba. Ƙafafunsa kawai nake gani.

Ya yi mini ya haƙuri, na amsa.

"Wurin nan da kuka tsaya, kuskure ne ko haka ya tsara?"

Na ce haka ya tsara. Nasa ne, bai ba kowa ba, ba mu san me ke wurin ba.

Ya ce, "Ya yi shi."

Na ce, "Yaya?"

"Da kuka yi shiru, ya yi. Ba magana ba, sauti kawai, can ƙasa. Sai da na kai kunnena." Ya gyara murya. "Ta Inna ce. In tana niƙa a ɗakin nan take yi, muna ƙanana, shi yana goye. In ta ji takun Baba sai ta daina. Ban san ya riƙe ba."



Ya ce, "Mu biyu muka san ta. Yanzu saura ni, ni kuma ba yaro ba ne." Ƙafafun suka juya kamar za su tafi, suka dawo. "Sau ɗaya zan yi. Ki saurara da kyau."

Ya yi ta da baki a rufe, a hankali, yadda ko Fa'iza da ke tsakar gida ba ta ji ba. 'Yar gajeruwar waƙa ce, tana hawa kaɗan ta sauko, irin ta mace mai aiki ita kaɗai. Muryarsu ɗaya da Darakta. Na toshe bakina da mayafi don kada kukana ya rufe ta.

"Kin riƙe?"

Na ce na riƙe.

"To. Ba sai an san inda kika ji ba."

Aka yi sallama a zaure, ya ja takalmansa ya tafi.

Da na natsu na gwada a gwiwata tun daga farko, makaɗa, sarewa, 'yan amshi. Da na zo wurin na ɗora hannu a ƙirji na rera ta a hankali, karo na farko da na yi waƙa a gidan nan. Tana ƙarewa daidai inda yake dawo da hannunsa.